Hala Ruƙayyatu da Yaran da Tarhili Ya Bari

Na san Hala Ruƙayyatu a shekarar 2011, watanni kaɗan bayan mun sauka Makka ni da maigidana, wanda ya zo karatun hadisi. Mun kama ɗaki biyu a wani tsohon bene bayan titin da ake kira Shara Mansur. Da zaman kaɗaici ya ishe ni sai na fara tara 'yan matan maƙwabta da safe ina koya musu karatu da rubutu. Wata rana wata mata doguwa mai ɗan ɗingishi ta hawo benen tana haki, ta zauna a bakin ƙofa, ta jira har muka tashi. Da yaran suka fita ta ce, "Malama, ke ce Mujahida? An ce ba kya dukan yara. Ina da huɗu da zan kawo miki."

Na ɗauka 'ya'yanta ne. Ashe ko ɗaya babu nata a ciki.

A Jarwal, wata tsohuwar unguwa ta Makka, aka haife ta. Mahaifinta tela ne, mutumin Gumel, ya zo aikin Hajji ta Sudan tun yana saurayi, bai koma ba. Ta tashi tana jin Larabcin Hijaz kamar kowace 'yar gari, Hausarta kuma ta tsofaffi ce, irin wadda ko a Kano an daina jin wasu kalmominta. Ta auri direba, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, duk sun girma suna aiki a Jidda. Da aka rushe layinsu na Jarwal ta dawo Mansur. Manya da yara Hala suke ce mata, wato inna ko gwaggo a bakin mutanen can. Tana kuma da abin da yawancin maƙwabtanta ba su da shi: iƙama, takardar izinin zama. Tana iya fita ta dawo ba ta waiwaye.

Hausawan Mansur suna da ƙungiya tasu. Ba ta da allo a ƙofa, ba ta da hatimi. Dattawa ne suka kafa ta tun da daɗewa don suturar gawa da sasanta rigima, Kanawa da wakilinsu, Sakkwatawa da nasu, Damagarawa da nasu, Malam Abdulwadud kuma shi ne shugaba. Da maganar yara ta yi yawa, wanda uwarsa ta rasu, wanda aka kama iyayensa, wanda aka tsinta a ƙofar masallaci, sai aka ware aikin aka damƙa wa Hala. Mata uku suke taya ta, kowacce da lungunan da take sa wa ido, duk ranar Asabar su zauna a ɗakinta su bi yaran ɗaya bayan ɗaya. Kowane yaro yana da ambulan ɗinsa a cikin wani akwatin ƙarfe: sunansa, sunan uwa da uba, garinsu na asali, lambar wayar wani ɗan uwa a gida idan akwai, da gidan da yake zaune.

Ita ta tsara ƙa'idojin aikin, dattawa suka amince. Yaro wajen danginsa zai fara zuwa. In babu dangi, sai mutanen garinsu. Ba a ba da yaro ga wanda ba a san asalinsa ba, komai wadatarsa. Ita kanta kuma ba ta ɗaukar yaro ta ajiye a gidanta, don kada a ce tana zaɓe. Tana alfahari da waɗannan ƙa'idojin. Ta sha gaya mini cewa a shekara takwas ba a taɓa rasa inda yaron Mansur yake ba.

A ƙarshen 2013 wa'adin da aka ba marasa takarda ya cika, aka shiga kame. Wanda aka kama sai gidan tarhili, inda ake tsare mutane kafin a mayar da su ƙasashensu. Shaguna suka rufe, maza suka daina kwana gida ɗaya. Cikin wata uku ambulan ɗin Hala suka tashi daga ashirin da 'yan kai suka haura sittin, ɗaya daga cikin matan da ke taya ta ma aka tafi da ita.

A cikin waɗanda aka kama akwai Hanifa, mutumiyar Gusau mai tuyar masa a bakin lungunmu. Ta fita sayen shinkafa da hantsi, ba ta dawo ba. 'Yarta Minnatullah, mai shekara tara, tana ajina a lokacin, tana kwafar baƙaƙe a littafi. Ubanta ɗan dako ne a Mina, ya rasu tana goye. A Makka aka haife ta, a cikin ɗaki, ba ta da takardar haihuwa. Tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa.

Hala ce ta zo ta gaya mata. Ta zaunar da ita a kan cinyarta duk da girmanta, ta yi mata bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tambaya da Larabci, "Yaushe za ta dawo?"

Hala ta ce, "Ba za ta dawo nan kusa ba, 'yata. Amma tana raye, kuma za ku yi waya."

"To wa zai kashe wutar kasko?"

Ni na tashi na je na duba. Maƙwabta sun riga sun kashe.

Neman gida bai yi wuya ba, domin Minnatullah tana da baffa, Muttaka, ƙanen mahaifinta, a can saman tudu. Matarsa Ɗaso tana dafa abinci tana kai wa ma'aikatan gini. Suna da 'ya'ya biyar a ɗaki biyu. Muttaka ya karɓi yarinyar da hannu biyu, ya ce 'yar ɗan uwansa ce, ba sai an roƙe shi ba. Hala ta rubuta sunansa a ambulan, ta wuce ga yaro na gaba. Ta leƙa gidan sau biyu a watannin farko. Kamar yadda ta saba, takan buga waya ta ce ga ta nan tafe, domin a ganinta faɗa wa mutane gida ba sanarwa rashin mutunci ne. Duk zuwan ta tarar da yarinyar an yi mata wanka an sa mata kwalli, aka kawo shayi, aka yi hira.

Ni ce na fara ganin canji. Minnatullah ta fara zuwa a makare, tana ƙamshin albasa da man gyaɗa, tana gyangyaɗi a kan littafi. Daga baya zuwan ya koma sau biyu a mako. Bayan ƙaramar Sallah ta 2014 ta daina zuwa gaba ɗaya. Na gaya wa Hala, ta ce za ta je. A makon nan aka kawo mata wasu 'yan biyu masu shan nono da aka kama uwarsu, ta yi ta yawon neman mai shayarwa. Mako biyu suka wuce. Na sake tuna mata, ta dafe kai ta ce, "Wallahi na manta, Malama. Tashi mu je yanzu." Ta ɗauko wayarta za ta kira Ɗaso, na ce mu dai je kawai.

Mun isa bayan Azahar, rana tana dukan duwatsu. Hala ta huta sau uku a kan matakalar tudun saboda gwiwarta. Muka yi sallama, Ɗaso ta amsa daga tsakar gida, inda manyan tukwane biyu suke kan wuta. Da ta ga mu ne sai fuskarta ta sauya. Minnatullah tana tsugune a gefe tana tsince shinkafa da hannun hagu. Hannun dama yana naɗe da tsumma har wuyan hannu.

Hala ta ce, "Zo nan, 'yata. Me ya sami hannun?"

Ɗaso ce ta amsa. "Mai ne ya fallatsar mata, Hajiya. Yana warkewa."

"Tun yaushe?"

"Kwana goma sha biyu ko sha uku."

Hala ta warware tsumman a hankali. Ba fallatsa ba ce. Hannun ya shiga cikin mai har rabin tafi. An shafa man goge baki da lalle, fatar ta kwaɓe tana ruwa, yatsu biyu sun manne da juna. Warin ya sa na kau da kai. Yarinyar tana kallon ƙasa.

"Ba ku kai ta asibiti ba?"

Ɗaso ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Da wace takardar, Hajiya? Ke kina da iƙama. Ni in na shiga asibiti da ita aka tambaye ni, me zan ce? A tafi da ni, wa zai riƙe biyar ɗin nan? Baffanta wata biyu ke nan bai fita aiki ba. Tukunyar nan ita ce mu. Kuma ba ita kaɗai take aikin ba, ga tawa 'yar can tana wanke-wanke tun asuba. Ban ware ta ba."

"Ai da kin kira ni."

"In kira ki ki zo ki ɗauke ta, a ce a Mansur Ɗaso ta ƙona marainiya?"

Hala ta miƙe. Ta yafa wa yarinyar gefen mayafinta, ta riƙe hannun mai lafiyar, muka sauko. Mai kantin magani na bakin titi ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Hala ta tare mota muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi inda wata likita ta san ta. Aka wanke ciwon, Minnatullah ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka tafi da uwarta. Likitar ta ce hannun zai warke, amma yatsun nan biyu da wuya su sake miƙewa sosai. Da an kawo ta a kwanakin farko, da ba haka ba. A mota muna dawowa na ji Hala tana lissafa kwanaki a hankali. Ranar da na fara yi mata magana, yarinyar ba ta ƙone ba tukuna.

Ba ta mayar da ita gidan Muttaka ba. Gidanta ta wuce da ita.

Kwana uku bayan haka dattawa suka zauna a zauren Malam Abdulwadud bayan La'asar. An kira ni don in faɗi abin da na gani, na zauna bayan labule tare da Hala. Muttaka yana nan, ya kawo ƙara cewa an ɗauke masa 'ya ba da izininsa ba.

Malam Abdulwadud tsoho ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ruƙayyatu, ke kika kawo mana ƙa'idar nan cewa yaro na danginsa ne. Ke kika ce ba za ki ajiye yaro a ɗakinki ba. Yanzu kin karya biyun a rana ɗaya."

Ta ce, "Na karya, Baba Malam."

"Tsautsayi ne ya faru. Ko a gidan uwarta mai yana iya ƙona ta, ita ma ai tuya take yi."

"Ƙunar tsautsayi ce. Kwana goma sha ukun da aka yi ana ɓoyewa ba tsautsayi ba ne. Kuma ba Ɗaso kaɗai nake zargi ba. Ni na kai yarinyar gidan da na san bakuna bakwai ne a kan tukunya ɗaya, na sha shayi na fito. Ban taɓa keɓewa da ita na tambaye ta yaya take ba."

Muttaka ya ce, "Hajiya, 'yar yayana ce. In kika raba ni da ita, da wane ido zan kalli mutane?"

"Ka zo ka gan ta duk ranar da ka so. Amma ba za ta koma bakin wuta da hannu ɗaya ba."

Wakilin Sakkwatawa ya kawo abin da kowa yake tsoro bai faɗa ba. Ya ce in maganar ta yi ƙarfi ta fita waje, hukuma za ta shigo, kuma ba gidan Muttaka kaɗai za a duba ba. Daga ƙarshe Malam Abdulwadud ya yanke: yarinya ta zauna wajen Hala har hannun ya warke, a kuma nemi uwar a ji ta bakinta, domin ita ce mai haƙƙi a kan kowa.

An sami Hanifa a waya ta hannun wani ɗan uwanta a Gusau. Tana zaune a gidan yayarta, ta koma tuyar masa a bakin tasha. Da ta ji labarin hannun ta yi ta kuka, ta ce a turo mata 'yarta ko ta halin ƙaƙa. Aka miƙa wa Minnatullah wayar, ta saurara, ta amsa da "to" sau biyu, ta mayar. Da aka kashe ta ce wa Hala da Larabci, "Ina son Ummi. Amma ni ban san Najeriya ba. Ki ce mata ita ta dawo."

Wannan maganar ta hana Hala sukuni. Ta zo wajena ta zauna, ta ce, "Malama, ke kin san can, ni sau ɗaya na taɓa zuwa. In ta zauna a nan, ba makarantar hukuma, ba asibiti, in ta girma aure ma sai a ɓoye, kullum tana jiran ranar da za a kama ta. In ta tafi, ta je inda ba ta san kowa ba sai uwar da ita ma a raɓe take. Wanne ne alheri?"

Na ce mata ni dai na san uwa tana raye kuma tana nema. Ta ce ita ma abin da ta sani ke nan, sauran duk hasashe ne.

Takardu sun ci wata takwas. Sai da Hala ta je ofishin jakadanci a Jidda sau biyar, ta kai shaidu biyu masu iƙama da suka rantse cewa yarinyar 'yar Hanifa ce, ta nemo ungozomar da ta karɓi haihuwar, sannan aka shiga neman izinin fita. A watannin nan Minnatullah ta dawo ajina. Ta koyi riƙe alƙalami tsakanin babban yatsa da manuni, rubutunta ya fi na da girma amma yana karantuwa. Ta yi ƙiba kaɗan. Ta fara kiran Hala da Sitti, wato kaka, Hala kuma ta daina gyara mata. Muttaka ya zo sau biyu da leda ta lemo, ya zauna a bakin ƙofa, bai daɗe ba.

A tsakiyar 2015 wani abokin karatun maigidana ya gama, zai koma Zamfara da iyalinsa, suka yarda su tafi da ita. Hala ta raka su har Jidda. Da ta dawo ba ta fito ba kwana biyu. A rana ta uku ta kira matan da ke taya ta, ta ce daga yau ba a ƙara buga waya kafin ziyara, kuma duk yaron da aka je gani sai an fita da shi waje an yi magana da shi shi kaɗai, an duba hannu da ƙafa da baya.

Sabon tsarin bai yi wa mutane daɗi ba. Gidaje uku suka dawo da yaran da suke riƙo, suka ce ba za a mayar da su abin zargi a ɗakunansu ba. Wasu da a da suke karɓa da murna suka fara cewa ɗaki ya yi musu kaɗan. Akwai lokacin da yara huɗu suke kwana a falon Hala don an rasa inda za a kai su. Ɗaso ta daina gaishe ta, in sun haɗu a lungu sai ta juya fuska bango. Wasu dattawan suka so a karɓe aikin daga hannunta, Malam Abdulwadud ya tambaye su wa za a ba, ba wanda ya kawo suna. Amma a shekarar ne aka gano wani yaro da ake kulle shi a banɗaki in masu gida za su fita, da wata yarinya da ta yi wata biyu tana tari da jini ba wanda ya faɗa.

Daga Gusau, da farko ana waya duk Juma'a. Minnatullah takan ce ƙura ta yi yawa, yara suna yi mata dariya in ta yi Hausa, suna ce mata Balarabiya. Takan tambayi ko an gama ginin da ke bakin titi, ko Malama tana nan. A hankali maganarta ta ragu, sai gaisuwa. Bayan kamar shekara lambar ta daina shiga. Hala ta yi ta bin alhazan Zamfara a masaukansu lokacin Hajji tana tambaya, har ta dace da wata mata da ta san Hanifa. Matar ta ce sun tashi daga gidan yayar, sun koma wani ƙauye wajen dangin uwa, amma ta ga yarinyar da kayan makaranta kafin su tashi, ta yi tsawo. Sunan ƙauyen ne ba ta riƙe ba.

Mun bar Makka a 2017. Ranar da na je sallama na tarar da Hala a zaune ta miƙe ƙafa, gwiwar ta kumbura, ana karanta mata wata takarda domin idonta ya fara rauni. Na tambaye ta ko tana nadamar tura yarinyar. Ta ce, "Wata rana in ce na yi daidai, wata rana in ce na yi gaggawa. Abin da ba na shakka a kai shi ne mako biyun nan da na ce miki zan je ban je ba."

Muna waya jefi-jefi. Magana ta ƙarshe da muka yi a 2019, ta ce Malam Abdulwadud ya rasu, 'ya'yanta suna matsa mata ta koma Jidda kusa da su. Ta ce ta yi wa mata biyu tayin aikin, ɗaya ta ce mijinta bai yarda ba, ɗayar ta ce ba za ta iya jure gabar mutane ba. Akwai yara talatin da ɗaya a hannunta a lokacin. Ta roƙe ni in na ji wani zai je wajen Gusau in sa a tambayo mata Hanifa mai masa. Na sa an tambaya sau biyu, har yanzu ba a samu wanda ya san inda suke ba.